Sharhi: Me Ke Ƙarƙashin Garwa? Abin da Girgizar Ƙasar Wasu Ta Tona Game da Tamu

Tun daga ranar 6 ga Fabrairun 2023, lokacin da girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ta afka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya, ta hallaka mutum fiye da 50,000, maganar motsin ƙasa ba ta bar bakin jama'armu ba. 'Yan kasuwarmu masu sayo darduma da kafet sun san Gaziyantef, sun kuma ga hotunan yadda benaye suka zube kamar an tara kwali. A watan Satumban wannan shekarar sai ga ta Maroko, wadda ta ci rai kusan 3,000, sannan a watan Maris na 2025 ta Miyanma ta biyo baya.

Duk sa'ad da irin wannan ta faru, sai ka ji saƙonnin murya sun cika WhatsApp, daga kasuwar Lahadi ta Pitowa zuwa Gashiga, daga Mubi zuwa Mbaimbum. Wannan ya ce Afirka za ta rabe gida biyu, wancan ya ce duwatsun Kamaru na gab da tashi, wani kuma har rana yake yankewa. Mutumin da ke shirin zuba jarin shekara ashirin a ginin shago ko sito ko bene yana da haƙƙin ya san gaskiyar magana. Kuma abin mamaki shi ne, amsar tana nan, an daɗe da auna ta a ƙasarmu, sai dai an rubuta ta da Turanci da Faransanci an ajiye a inda ɗan kasuwa ba ya zuwa.

Ƙasa kamar mangwaro take

Mai karatu, ɗauki mangwaro ka duba. Yana da ɓawo, yana da tsoka, yana da ƙwallo. Haka duniyar nan take. Daga inda muke takawa zuwa tsakiyarta akwai kilomita 6,371. Ɓawon da muke zaune a kai bai fi kilomita 30 zuwa 50 ba a mafi yawan doron ƙasa. Ƙarƙashinsa akwai tsokar ƙasa, wadda masana ke kira mantil, dutse ne mai tsananin zafi da ya kai zurfin kilomita 2,900. Daga nan sai ƙwallon ciki, wanda ƙarfe ne, bayansa narkakke, tsakiyarsa daskararre.

Babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa ganin tsokar nan a mazauninta. Ramin da ya fi kowane zurfi da aka taɓa haƙawa a tsaye shi ne na Kola a Rasha, wanda aka fara a 1970, ya kai mita 12,262 a 1989, bai ma huda ɓawon ba. To ta yaya aka san abin da ke can? Ta hanyar saurare. Uwargida idan za ta sayi tukunyar ƙasa ba ta fasa ta don ta ga lafiyarta, ƙwanƙwasawa take yi ta saurari amo. Mai sayen kankana ma haka. Girgizar ƙasa ita ce ƙwanƙwasar da ke sa duniya ta yi amo, masana kuma su kasa kunne.

Da wannan sauraren ne Baturen Ingila Richard Oldham ya tabbatar da ƙwallon cikin ƙasa a 1906, Andrija Mohorovicic na Kuroshiya ya gano iyakar ɓawo da tsoka a 1909, sannan wata mata 'yar Denmak, Inge Lehmann, ta gano a 1936 cewa tsakiyar ƙwallon daskararriya ce.

Lissafin masu lodi

Idan ƙasa ta motsa a wani wuri, igiyoyin girgizar sukan bazu ta ko'ina, su ratsa cikin duniya. Akwai mai saurin tafiya, wadda ke cin kamar kilomita 6 a daƙiƙa ɗaya cikin ɓawo, da kamar kilomita 8 a saman tsoka. Akwai mai bi mata, wadda ba ta kai ta sauri ba, kuma ba ta iya ratsa abu mai ruwa-ruwa. Girgizar da ta auku a Turkiyya takan iso ƙarƙashin Garwa cikin ƙasa da minti 10. Mu ba ma jin ta, amma na'urar sauraron ƙasa tana rubuta lokacin isowarta daidai da ƙiftawar ido.

Abin da ya sa wannan ke da amfani shi ne, igiyar takan yi sauri a cikin dutse mai sanyi da tauri, ta yi nawa a cikin dutse mai zafi da laushi. Duk wanda ya taɓa jiran kaya ya san wannan lissafin. Ka ce kana da tireloli da yawa, wasu sun taso daga Ngaundere, wasu daga Marwa, wasu daga Yola, wasu daga Tuboro, suna bin hanyoyi masu gittawa juna zuwa kasuwanni daban-daban. Ka san nisan kowace hanya, ka san lokacin da kowace mota ta tashi. Idan ka lura duk motar da ta bi ta wani yanki sai ta makara, waɗanda suka kauce masa kuma suna isa a kan kari, ba sai ka je wurin ba, ka riga ka san hanyar ta lalace a nan. In motocin suka kai dubbai, har girman wurin da ya lalace za ka iya zanawa a takarda.

Haka masana ke yi. Su tara ɗaruruwan girgizar ƙasa daga kowace kusurwa, su kwatanta lokacin da ya kamata igiya ta iso da lokacin da ta iso a zahiri, bambancin da sau da yawa bai wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu ba, su zuba wa kwamfuta ta fito da hoton cikin ƙasa. Kusan dabara ɗaya ce da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti. An fara wannan aikin gadan-gadan a shekarun 1970, kuma cikin waɗanda suka aza harsashinsa akwai Keiiti Aki da Adam Dziewonski.

Inda faifai ke karo

Ɓawon ƙasa tare da saman tsokarta ba guda ɗaya ba ne, a farfashe yake zuwa manyan faya-fayai da ke tafiya a hankali, santimita kaɗan a shekara, kamar yadda farce ke tsiro. Inda faifai biyu masu ɗauke da nahiya suka yi karo, nan ne bala'in ya fi yawa.

Misali mafi girma shi ne Indiya. Kimanin shekara miliyan 50 ke nan da ta bugi nahiyar Asiya, kuma har yau tana turawa arewa da kamar santimita 4 zuwa 5 a shekara. Wannan turin ne ya ɗaga duwatsun Himalaya. Hotunan da aka samu ta hanyar igiyoyin girgiza sun nuna faifan Indiya ya kutsa ƙarƙashin Tibet da nisan ɗaruruwan kilomita, ɓawon ƙasa kuma ya ninku har ya kai kaurin kilomita 70. Can wajen Hindu Kush a Afganistan, an ga wani ɓangaren faifan ya rataya a tsaye cikin tsokar ƙasa, shi ya sa ake samun girgiza a zurfin kilomita 200. Girgizar Nefal ta ranar 25 ga Afrilun 2015, mai maki 7.8, wadda ta kashe kusan mutum 9,000, 'yar wannan karon ce.

Turkiyya kuma faifan Larabawa ne ke matse ta daga kudu. Maroko tana kusa da bakin inda faifan Afirka ke gugar na Turai. Ka ga ke nan girgizar ba ta zaɓar wuri da ka, tana da layukanta, kamar yadda ruwa ke da kwarinsa. Tambayar ita ce, shin mu muna kan irin wannan layin?

Tsohon tabon da muke zaune a kansa

Amsar ita ce mun taɓa zama, amma da daɗewa ƙwarai. Kimanin shekara miliyan 600 da suka shuɗe, tsohon ginshiƙin dutsen Kongo da ke kudu da mu, da na Afirka ta Yamma, da na yankin Sahara, sun yi karo, kuma yankin da ake kira arewacin Kamaru a yau yana tsakiyar matsin. Duwatsu sun tashi a nan, iska da ruwa suka cinye su a hankali, abin da ya rage shi ne saiwarsu, wato duwatsun da muke gani a Poli da Gidar da Mandara. Masanin nan ɗan Kamaru, Sadrack Félix Toteu, ya shafe shekaru yana auna shekarun waɗannan duwatsu daga cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai da ke nan Garwa, wadda ke ƙarƙashin hukumar IRGM.

Wannan karon ya bar wani dogon tsagi da ya ratsa ta Fumban da tudun Adamawa ya nufi gabas. Ragowar tsagin nan yana can arewa maso gabashin Barazil, domin a wancan zamanin ƙasa ɗaya muke da su, babu teku a tsakani.

Daga baya, fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, Amurka ta Kudu ta ɓalle daga Afirka, Tekun Atlantika ya buɗe. A lokacin ne ƙasa ta so ta sake tsagewa daga bakin teku zuwa cikin nahiya, ta fara, amma ba ta ƙarasa ba. Wannan tsagewar da ta tsaya a hanya ita ce kwarin Binuwai. Reshe ɗaya ya bi ta Gongola, ɗaya ya biyo ta Yola ya shigo Garwa. Yashi da laka suka cika ramin suka zama dutse, irin wanda ake gani a Dutsen Tingilin. Wato kogin da kwale-kwalen kaya ke bi tsakanin Garwa da Yola da damina, a cikin tabon wancan tsohon rauni yake kwance.

Na'urori 32 a ƙasar Kamaru

A watan Janairun 2005 aka fara wani aiki na haɗin gwiwa tsakanin hukumar IRGM da jami'o'in Amurka biyu, ta Jihar Fensilbaniya da ta Washinton da ke Sant Luwis. An fara da na'urori 8, a 2006 aka ƙara suka zama 32, aka warwatsa su daga bakin teku har arewa, suka yi ta saurare har farkon 2007. Cikin masanan akwai Andrew Nyblade da Douglas Wiens, da 'yan ƙasa irin su Charles Tabod da Alain-Pierre Tokam. Sakamakon ya fara fitowa a 2010, kuma abu uku ne a cikinsa suka shafe mu.

Na farko, kaurin ɓawon ƙasa. A kudu, kan ginshiƙin Kongo, ya kai kilomita 43 zuwa 48. A tsakiyar ƙasa, kilomita 35 zuwa 39. Amma a ƙarƙashin kwarin Garwa bai wuce kilomita 26 zuwa 31 ba. Ɓawon namu ya fi siriri, domin an taɓa jan sa kamar ƙullun fulawa a lokacin waccan tsagewar.

Na biyu, an ga wani dogon zirin dutse mai zafi a tsaye kamar bango cikin tsokar ƙasa, wanda ya kai zurfin aƙalla kilomita 300, kuma zafinsa ya ɗara na kewayensa da fiye da digiri 200. Yana kwance daidai ƙarƙashin jerin duwatsu masu aman wuta da ake kira Layin Kamaru, mai tsawon kilomita 1,600, wanda ya taso daga tsibiran Annobon da Sawo Tome da Biyoko, ya hau tudu ta Dutsen Kamaru, ya bi ta Manenguba da Oku, ya rabu zuwa Ngaundere da kuma tudun Biyu a Najeriya. Tsinin Rumsiki da baƙi ke zuwa ɗaukar hoto maƙogwaron tsohon dutse mai aman wuta ne da ya daskare. Tafkin Tizon na Ngaundere bakin wani ne da ruwa ya cika. A nan sai a lura, wannan ba tekun wuta ba ne a ƙarƙashin ƙafarmu, dutse ne mai tauri, zafinsa ne kawai ya fi na maƙwabtansa.

Na uku, zafin bai yi kama da wanda ke tasowa daga can ƙasan tsoka kamar na Hawai ba, domin a zurfin kilomita 410 zuwa 660 ba a ga alamarsa ba, kuma shekarun duwatsun Layin Kamaru ba su jeru daga tsoho zuwa sabo ba. Bayanin da masu binciken suka fi karkata gare shi shi ne, ginshiƙin Kongo mai kauri da sanyi ne ke sa tsokar ƙasa mai zafi ta riƙa juyawa a gefensa, kamar yadda ruwan kogi ke yin gulbi a jikin ƙafar gada.

A taƙaice, Garwa tana tsakiyar faifan Afirka, nesa da bakin karo. Tsagewar da ake yaɗa hotunanta tana gabashin Afirka, ta Habasha da Kenya, kuma milimita kaɗan take buɗewa a shekara. Ko jikokin jikokinmu ba za su ga teku a can ba.

To, ina hatsarin yake?

Kada wannan ya sa mu miƙe ƙafa. Tsakiyar faifai ma takan motsa, ko da yake jefi-jefi. Akara ta girgiza a 1939. A watan Disamban 1983 girgiza ta kashe ɗaruruwan mutane a arewacin Gini. Mutanen Kwoi a Jihar Kaduna sun ji motsi a 2016, na Mpape a Abuja sun ji a 2018. Tsohon tabo yakan yi ƙaiƙayi.

Layin Kamaru kuwa da ransa. Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1982 da 1999 da 2000. A watan Agustan 1984 iskar gas ta fito daga tafkin Monun ta kashe mutum 37. A daren 21 ga Agustan 1986 tafkin Niyos ya saki irin wannan iskar mai shaƙe numfashi, ta hallaka mutum fiye da 1,700 da dabbobi dubbai, cikinsu har da shanun makiyaya. Iskar daga narkakken dutsen da ke ƙarƙashin tafkin take fitowa ta taru a gindin ruwa. An sa bututun fitar da ita a Niyos a 2001, aka ƙara biyu a 2011. Tsoron kada bangon tafkin ya karye ruwan ya gangaro Najeriya ta kogin Katsina-Ala, shi ya sa aka gina madatsar Kashimbila a Jihar Taraba. Ka ga abin da ke ƙarƙashin ƙasa bai san shingen duwan ba.

Amma idan za mu faɗa wa kanmu gaskiya, abin da ya fi kusa da wuyan ɗan kasuwar Garwa ruwa ne da mugun gini. Ambaliyar Binuwai ta 2012 da ta 2022 sun nuna mana haka, daga nan har Yola da Makurɗi da Lokoja, kuma duk damina sai an tayar da zancen sakin ruwan madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982. A ranar 23 ga Yulin 2023 bene ya rufta a Duwala ya kashe mutum fiye da 30, ba a rufa mako ba wani ya faɗi a Ngaundere. Babu girgizar da ta taɓa su. Ginin da ke faɗuwa da kansa, ina ga ƙasa ta ɗan motsa? A Turkiyya ma an ga unguwanni inda bene ɗaya ya zube, na kusa da shi yana tsaye, bambancin rodi ne da siminti da amanar magini.

Akwai kuma abin da masana suka daɗe da tabbatarwa, cewa ƙasa mai laka da yashi ta bakin kogi takan ninka ƙarfin girgiza. Birnin Meziko ya ɗanɗana haka a 1985, domin a kan busasshen tafki aka gina shi. Fadamar da ruwa ke ci da damina ita ce kuma wadda ta fi rawa idan ƙasa ta motsa. Fili mai araha a bakin Binuwai yana iya zama mafi tsada.

Wa ke riƙe da takardun?

Akwai wani gefen maganar da ya shafi aljihu. Irin ramukan da tsagewar ƙasa ta bari su ne ke tara man fetur. Rijiyoyin Doba a Cadi, waɗanda ake tura mansu zuwa Kiribi ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 tun 2003, a cikin irin wannan ramin suke. Rijiyar Kolmani da ke tsakanin Bauchi da Gombe, wadda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Nuwamban 2022, a reshen Gongola na kwarin Binuwai take. Zinariyar da matasa ke haƙa a Mayo-Rey, da yuraniyom na yankin Poli, da farin dutsen Bidzar, suna cikin duwatsun wancan tsohon karon. Ma'adinin yin alminiyom na Minim-Martap kuwa daga ruɓewar duwatsun aman wuta na Adamawa ya samu.

Hoton tsokar ƙasa ba ya nuna inda za a kafa diga a ciro zinariya, kuma duk wanda ya zo maka da takarda ya ce na'urar Turawa ta ga arziki a gonarka, ka riƙe kuɗinka. Amma shi ne taswirar farko da kamfanoni ke dubawa kafin su san inda za su zurfafa bincike. Wanda ya san abin da ke ƙarƙashin gidanka fiye da kai, shi ke yanke farashi. Na'urorin nan 32 na wucin gadi ne, da aikin ya ƙare aka kwashe su. Kamaru na da tashar sa ido a Ekona kusa da Dutsen Kamaru, Najeriya na da cibiya a Toro ta Jihar Bauchi, akwai kuma shirin AfricaArray da aka kafa a 2005 don horar da 'yan Afirka. Muna da makarantar ilimin ƙasa da ma'adinai a Meiganga, an kuma kafa Jami'ar Garwa a 2022. Abin da ya rage shi ne mu tura 'ya'yanmu, mu kuma nemi ƙasashen biyu su riƙa musayar bayanan ƙarƙashin ƙasa da na ruwa a kan kari, tunda kwari ɗaya muke sha.

Abin yi

Na ɗaya, duk saƙon da ya yanke ranar girgizar ƙasa ƙarya ne. Masana na iya cewa wane yanki ya fi wane hatsari, amma har yau babu na'ura ko jami'ar da ke iya faɗin rana da sa'a. Kada ka tura shi gaba, kada kuma ka karyar da kayanka saboda shi.

Na biyu, mai shirin ɗora bene a kan shago ya nemi injiniya ya duba ƙasar da harsashin, ya tsaya a kan magini wajen rodi da kwaɓin siminti. Tun ran gini ran zane. Kuɗin da aka tsuke a buhun siminti goma ba zai biya ran yaron shago ɗaya ba.

Na uku, sito da kayan da ruwa ke ɓatawa, hatsi ne ko atamfa ko sukari, a ɗaga su daga fadama.

Na huɗu, ƙungiyoyin 'yan kasuwa su gayyaci masanan cibiyar Garwa su yi bayani da Hausa da Fulatanci a rediyo da kuma wuraren taro. Da harajin kasuwa ake biyan albashinsu, bai kamata iliminsu ya tsaya a Turanci ba.

Musulmi ya san komai da ikon Allah yake faruwa, ya kuma san an hore shi da ya ɗaure raƙuminsa kafin ya yi tawakkali. Gemun Turkiyya da na Maroko sun kama da wuta a gabanmu. Namu ba a kan layin wutar yake ba, amma shafa masa ruwa ba asara ba ce. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye dukiyarmu, ya sa albarka a kasuwa.